Ƙarfen Elamthodi

Ni ne mai buga ƙarfe a nan Elamthodi,
Shekara arba'in da ɗaya guduma na hannuna.
Kafin ni babana ne, Velukutty,
Shi ya ɗauko guntun ƙarfen titin jirgi a kafaɗa
Ya rataye a mangwaro ran buɗe makaranta.

Ba gini a lokacin, rumfar ganyen kwakwa ce,
Dirka shida, tabarma uku, baƙin allo guda.
Moidu mai fito shi ya ba da filin.
Aka ce, "Kai da ko sunanka ba ka rubutawa?"
Ya ce, "Dalilin ke nan. Na gaji da dangwala yatsa
A takardar da wani ne zai karanta."

Yara goma sha tara aka fara da su,
Mace ɗaya tak, Kamalakshi,
Mai zuwa da ganyen ayaba a ka a madadin laima.
In damina ta kankama, ruwa sama ruwa ƙasa,
Malam Ittoop kan haye benci da allinsa,
Rufi na ɗiga, yana jan lissafi bai huta.

Sau biyu iska na kwashe rumfar,
Sau biyu matan gari na sake saƙawa.
A na uku suka ce ya isa.
Kowane gida ya riƙa ware tafin shinkafa,
Mai barkono ya ba da barkono, mai kwakwa kwakwa,
Aka sari jan dutse a bayan tudu,
Ɗaki biyu suka tashi, ba wanda aka tilasta.

Sannan gwamnati ta zo, cikin mota,
Motar ta kafe a laka, yara suka tura.
Jami'in ya ƙirga kawuna, ya ƙirga tagogi,
Ya tafi. Sai bayan damina huɗu
Allon suna ya iso, da albashi,
Da tukunyar faten shinkafa ta tsakar rana
Wadda ta jawo yara fiye da duk wata wasiƙa da aka rubuta.

Amma karatu a aji goma yake tsayawa.
Mai son gaba sai ya haye kogi zuwa birni,
Kuɗin fito, kuɗin mota, dawowa da duhu.
Na ga masu kai kamar wuta
Sun ajiye littafi sun koma tsagar itacen roba.
Nakan buga musu tashi na ƙarshe, hannuna na nauyi,
Wannan ban manta.

Kamalakshi ce ta dawo, da furfura da tabarau,
Shugaba a inda ta zauna kan tabarma.
Shekara tara tana aika takarda babban birni,
Ana ce mata ana dubawa.
Ran da amsa ta zo ba ta yi guɗa ba,
Ta ce da ni, "Chathu, buga." Na ce, "Lokaci bai yi ba."
Ta ce, "Ya yi, har ya gota."

Aji sha ɗaya, aji sha biyu,
Bene hawa biyu, ɗakin gwaji mai warin magani,
Kwamfuta ashirin, uku ba sa tashi.
Shekarar ambaliya gari duka a nan ya kwana,
Da awaki, da jarirai, da tsohuwa mai tari.
Muka shanya rajistar farko shafi-shafi a rana,
Sunaye sha taran nan, ruwa bai iya ya ɓata.

Yanzu ƙararrawar lantarki ce ke kira,
Siririyar murya, kamar sauro a kwalba.
Jikar Moidu ke koyar da kimiyya a sama.
Ni kuwa ina gindin mangwaro, an sallame ni tuni,
Amma gudumar na aljihu.
Garin nan ai ba a rasa ɗauke wuta.